Jirgin Kara Mai Ƙaho

Kwanakin baya jikana ya zo mini da wata motar roba da ƙafarta ta ɓalle, yana kuka kamar an aiko masa da mutuwa. Na ce ya share hawaye, zan yi masa wadda ta fi ta. Na ɗauki sandata na fita neman kara. Na zaga Samaru tun daga bakin titi har inda a da gonakin dawa suke miƙewa su gangara rafin Kubanni, ban samu karan da zan yi sakace da shi ba. Ko'ina bulo, ko'ina kwano, ko'ina shagon cajin waya da ƙarar inji. Na haura wajen layin dogo, na tarar ciyawa ta rufe shi, mata sun shanya kaya a kansa, akuya tana kwance a tsakiya tana tuƙa ba abin da ya dame ta. Da ƙyar wata mai ƙosai ta zaro mini 'yan guntaye daga cikin abin hura wutarta, tana kallona irin kallon da ake yi wa tsohon da ya fara taɓuwa. Na dawo gida na zauna da su a hannu, sai na kasa fara aikin, don ƙanshin busasshen karan nan ya komar da ni inda na daɗe ban je ba.

A ƙuruciyarmu kara shi ne rabin duniya. Da shi ake danga, da shi ake gado, da shi ake girki, tokarsa ma ba a zubarwa, tacewa ake yi a sa a miya. In an gama girbi, iska ta bi ta cikin gona, za ka ji busasshen ganye yana wata irin ƙara kamar mutane da yawa suna raɗa, ga luguden mata daga kowane gida, ga kukan jakuna masu ɗaukar damma. Abin da ya rage a gona kuwa namu ne, mu yara. Za ka zaɓi karan da ya bushe amma bai ruɓe ba, ka datse shi a gaɓa, ka ɓare ɓawon siri-siri, totuwar ciki ta fito fara fat mai taushi. Totuwar ce katakonka, ɓawon ne ƙusarka. Ka soka wannan cikin wancan, sai ga mota, sai ga keji, sai ga tabarau da za ka maƙala a hanci ka riƙa yi wa mutane Turancin da babu shi. Ƙafafu kuwa sakaina ce, a goga ta a kan dutse har ta zagaye. Ba wanda ya koya mana, ba kuma wanda ya biya mu. Abu ɗaya ne sai ka kula da shi, ɓawon kara ya fi aska kaifi, kuma ba ya sallama kafin ya yanke ka. Yaran yanzu ba su san tabon kara ba. Mu kuwa yatsunmu duk zane ne kamar fuskar Barebari.

Ni a lokacin na fara tasawa, gashin bakina sai an tsaya a rana an ƙura ido ake ganinsa, amma ina shafa shi kamar na wani alƙali. Duk unguwa an san ni da abu biyu, aikin kara da zuba. Ni dai ban ɗauki kaina maƙaryaci ba, gishiri nake ƙara wa labari, sai dai wani lokaci hannuna yakan zarce. Baffa, ƙanen mahaifinmu wanda ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, lebura ne a gonar gwaji ta Turawa, mutum ne mai ƙarancin magana. Yakan ce in na ce na ga saniya, to a duba da kyau, ɓera ne. Inna kuwa ba ta cewa komai a kaina, don ni ne ɗanta na fari. Kunyar ɗan fari a wancan zamani ba wasa ba ce. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido cikin ido, in za ta aike ni sai ta fuskanci bango ta ce a gaya wa wancan ya je ya ɗebo ruwa, ko da daga ni sai ita a tsakar gida. Duk son da ba ta da ikon nuna mini, sai ta tattara ta juye a kan ƙanena, Auta.

Tsakanina da Auta ta haifi yara da dama, duk sun koma tun suna goye. Shi kaɗai ya tsaya, shi ma siriri kamar sillen kara, bai daɗe da yin famfara ba. Saboda haka ko ƙofar gida ba ya wucewa sai da idonta. Rafi an hana shi, kasuwa an hana shi, dogo kuwa ko ambatonsa ba a yi, tun da jirgi ya taɓa bi ta kan wani ɗan kiwo da shanunsa. Gidanmu yana can gefen rafi, nesa da layin. Abin da Auta ya sani na jirgi shi ne kukansa da hayaƙin da ke tasowa ta saman itatuwa. Da ya ji kukan zai saki duk abin da ke hannunsa ya haye gindin rumbu yana miƙa wuya, sai hayaƙin ya baje sannan ya sauko. Sauran bayani kuwa a wurina yake samu, ni da ake aika Sabon Gari da daddawar Inna.

Sabon Gari wata duniya ce daban. Ƙararrawar coci, garmaho yana waƙa daga shagon tela, warin manja da busasshen kifi, mata masu ɗaurin kai kamar tukunya suna ciniki da buroka, kowa yana ihu kamar ana faɗa alhali gaisawa ake yi. Akwai wani dattijo Bayarabe a bakin kasuwa, muna ce masa Baba Mai-dalma, yana yin fitila da mazurari da gwangwanin madara. In na sayar da daddawa sai in tsuguna gabansa ina tsintar guntayen gwangwani ina cika masa kunne. Sarkin Surutu yake kirana, da Hausarsa mai tafiya tana tuntuɓe. Na lura duk abin da ya ƙera, kafin ya ajiye sai ya lanƙwashe bakinsa ya daddake, sannan ya rufe ido ya bi gefen da babban yatsa. Na taɓa tambayarsa ko barci yake ji. Ya ce shi bai yarda da idonsa ba, don mai saye da hannu zai ɗauka. Na yi dariya na wuce, ni da nake aiki don a gani a yaba.

In na dawo gida Auta zai tare ni tun daga zaure, ni kuma in zauna in buɗe masa baki. Na gaya masa jirgi yana da ƙaho biyu kamar na bijimin Fulani, sai dai kowanne ya kai tsawon giginya. Na ce yana da harshe da yake lasar gawayi da shi, in ya ji ƙishi kuwa sai ya shanye Kubanni har kifaye su riƙa tsalle a kan yashi. Na ce direban da sarƙa ake ɗaure shi don kada iska ta tafi da shi Kano kafin jirgin ya isa, kuma in ya yi kuka a tasha duk mai tsohon ciki a Tudun Wada sai ta haihu. Gaskiyar magana, ban taɓa matsawa kusa da shi ba. Daga bayan wani mangwaro nake leƙensa, da ya huro tururi kuwa ƙafata ce ke ba ni shawara. Auta zai buɗe baki yana saurare, ya ce yaushe zan kai shi. Kullum amsata ɗaya ce, in Inna ta yarda, bayan Salla.

A wata kaka masu lamba, wato masu rigakafin agana, suka ritsa ni a kasuwar Sabon Gari. An tare ƙofofi, 'yan doka suna kama mutane ana jera su. Yadda na ba da labarin a gida, ƙarti goma ne suka danne ni, aka kawo allura mai kaurin taɓarya. Abin da ya faru kuwa wani siririn malami ne ya kama dantsena ya ɗan karce shi, ya ce in wuce. Bayan 'yan kwanaki wurin ya kumbura ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe ni. Na samu abin da nake so, na kwanta ina nishi ina cewa hannun zai guntule, don a ɗauke mini ɗiban ruwa. Inna ba ta zo ta duba ba, ba ta tambaya ba, kunya ba ta bar ta ba. Kunu kawai take turowa bakin ƙofa ta ce a gaya wa wancan ya sha. Amma tana ji, tana kuma gani ta gefen ido.

Ba a daɗe ba masu lamba suka iso unguwarmu, aka tara yara a ƙofar gidan mai unguwa. A lokacin mata suna da dabararsu. Kowace takan ƙulle lemon tsami a bakin zane, da an karce yaro an sake shi, sai ta ja shi bayan danga ta matse lemon a wurin, ta goge da toka, don kada lambar ta kama. Ba mugunta ba ce, gani suke yi an sa wa lafiyayyen yaro ciwo da gangan. Inna ta wanke dantsen Auta da lemo, ta sa baki ta tsotse wurin ta tofar, ta sake wankewa. Da kwana ya kwana ba kumburi, ba zazzaɓi, ta yi ta hamdala. Ni da ba ta iya taɓawa lambata ta kama, ga tabon nan har yau kamar an manna kwabo. Shi da take so a fili tasa ta goge.

Da rani ya tsaya, ciwon ya shigo. Ba a kiran sunan agana a lokacin, sai dai a ce baƙon nan ya sauka gidan wane. Aka daina luguden yamma, aka daina wasan dandali, abin da kake ji sai salatin masu ɗaukar makara. Auta ya fara da ciwon kai da ciwon baya, sannan ƙuraje suka feso. Baffa ya san in duba-gari suka ji za su ɗauke shi su kai bukkokin da aka yi a daji, inda ake ajiye abinci daga nesa. Sai ya kafa wata 'yar bukka a bayan rumbuna, ya ce ba mai shiga sai wanda ya taɓa yi ko wanda lambarsa ta kama. Duk gidan aka duba, ni kaɗai ne. Haka aka wayi gari Sarkin Surutu ya zama mai jinya.

Ba zan iya ƙara wa wannan gishiri ba, ba ya bukata. Tabarma tana manne masa a jiki, sai na ɗebo yashi mai laushi daga rafi na shimfiɗa masa. Ina kore ƙuda da ganye, ina ɗiga masa kunu da ludayi, warin kuwa har yau bai bar hancina ba. Fuskarsa ta kumbura har idanun suka shige ciki suka rufe. Inna tana zaune a waje cikin rana, ta jingina da jikin bukkar, ba ta ci ba ta sha. A kwanakin nan ne ta fara yi mini magana kai tsaye, ta cikin zana, murya ƙasa-ƙasa, tana tambaya ko ya sha, ko yana numfashi. Na kwaso duk motocin karana na jera masa a gefe. In azaba ta yi masa yawa sai ya ce, “Yaya, jirgin.” Ni kuma in fara, ƙaho da harshe da sarƙa, har ya yi luf.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Ƙurajen suka bushe suka zube, suka bar fuskar kamar an yi ruwan ƙanƙara a kan taɓo. Ranar da na fito da shi, da hantsi ne, Baffa ya cinna wa bukkar wuta da duk abin da ke ciki, har motocina. Muna tsaye sai ga kukan jirgi daga nesa, hayaƙinsa ya taso baƙi ƙirin ta saman itatuwa, ko makaho ya gani, kamar yadda muke faɗa da wasa a da. Auta ya juya fuska wajen kukan, idanunsa a buɗe, fari fat kamar totuwa. Ya jira, ya jira, sannan ya ce, “Yaya, hayaƙin bai taso ba tukuna?” Inna ta cusa bakin zanenta a baki ta durƙushe a wurin.

Daga nan Auta ya daina magana. Yakan zauna a gindin rumbu tun safe, in an ba shi tuwo ya taɓa ya ture. Ko jirgi ya yi kuka ba ya motsi. Inna kuma ta daina sayen lemon tsami, ko mai talla ya shigo da shi sai ta shige ɗaki. Da bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Baffa ya tara mu ya ce ya yanke shawara. Kafin shuka zai kai Auta birni, unguwar makafi, wurin wani tsoho mai tufkar igiya. Ya ce in damina ta sauka kowa gona zai tafi, ga rijiya a tsakar gida, ga murhu, wa zai tsare shi. Inna ta sunkuyar da kai, mace ce da ke zaune a gidan ƙanen mijinta. Ni ne na miƙe na ce Auta ba kaya ba ne da za a kai ajiya, in ya iya wani abu da hannunsa ai sai a bar shi. Baffa ya dube ni ya ce, “To, mu gani.” Na ɗauki wannan a matsayin alkawari. Shi kuwa mu gani kawai ya ce.

Kara ya yi wuya a lokacin, duk an ƙone. Sai na koma zare na dangar Inna ɗaya bayan ɗaya, har ta zama kamar bakin tsohuwa, awakin maƙwabta suna shigowa ba sallama. Na haɗa jirgi cikin sauri yadda na saba, ya yi kyau a ido, na ɗora masa a cinya. Ya kai hannu, ɓawon ya tsarge masa yatsa, jini ya fito. Ya yi jifa da shi ya juya mini baya. Washegari na tafi Sabon Gari ba daddawa ba komai, na tsuguna gaban Baba Mai-dalma, karo na farko bakina a rufe. Sai da ya tambaya na gaya masa abin da ya faru, bai kuma yi mini wa'azi ba. Ya ce shi ma ciwon nan ya ɗauke masa 'ya a garinsu. Sannan ya miƙo mini wani guntun gwangwani da ya naɗe kamar bututu, ya daddake bakinsa sumul, ya ce in yi wa jirgin wurin fitar hayaƙi, in kuma yi aikin yadda na ga yana yi.

Daga wurinsa na wuce tasha, na bar mangwaron nan a baya, na je har gaban kan jirgi na tsaya. Sai ranar na gan shi. Ba ƙaho, ba harshe. Baƙin ƙarfe ne dogo kamar tulun da aka kwantar, ƙafafunsa sun fi ni tsawo, an haɗa su da wani dogon hannu mai kai da komo. Direban wani ƙaton mutum ne yana cin rogo, ba ko zare a jikinsa balle sarƙa. Na ƙare masa kallo, na dawo gida na fara aiki ido a rufe. Duk ɓawon da na fere sai na kankare gefensa da sakaina, duk tsinin da ya leƙo sai na nutsa shi cikin totuwa. Na yanke kaina har na daina ji. In na gama gaɓa ɗaya sai in bi ta da leɓe, don leɓe ya fi yatsana da ya riga ya yi kanta saurin jin kaifi.

Da na gama na ɗora wa Auta a cinya. Ya daɗe bai taɓa ba. Can sai yatsa ɗaya ya fito, ya bi ƙafafun, ya juya su, ya bi dogon hannun, ya hau bututun gwangwani ya zagaya bakinsa. Ya koma gaba ya lalaba, ya sake lalabawa.

“Ina ƙahon?”

Muryar ta dushe don daɗewa ba a yi amfani da ita ba. Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai hali ya riga ni. Na ce ai an yanke musu, wani jirgi ne ya tunkuyi Baturen tasha ya jefa shi kan rufin kwano, shi ya sa aka bi su duka da zarto.

Wani ɗan sauti ya fito masa ta hanci. “Yaya, kai dai maƙaryaci ne.”

“Ni? Je ka tambayi Baturen, har yanzu yana can sama, da guga ake miƙa masa shayi.”

Ya yi dariya har da tari. Inna tana bakin murhu, na ga muciyar ta tsaya a hannunta. Sai ya miƙo tafin hannu ya ce in ba shi kara, shi zai mayar wa jirgin da ƙahonsa.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na sani a gidan nan. Auta ya yanke hannu, ya sake yankewa, bai fasa ba. Ya koyi gane kara mai kyau ta hanyar ƙwanƙwasa shi a kunne. Ya lanƙwasa ɓawo a kan gwiwa ya yi ƙaho biyu ya kafa a goshin jirgin, sannan ya shiga yin taragu, kuma haɗinsa ya fi nawa ƙarfi, don ni ina gaggawa, shi kuwa ba inda za shi. Ya koma cin tuwo har yana neman ƙari. Dangar Inna dai ta ƙare, ba ta kuma ce a gaya wa wancan ya bari ba.

Ranar da aka yi yayyafin farko, ƙasa ta tashi da ƙanshi, na jawo jirgin da zare har gaban Baffa, Auta yana riƙe da bayan rigata. Na ce duk taragun nan aikinsa ne, kuma wannan karon ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Baffa ya ɗauki tarago ɗaya ya jujjuya, ya ja haɗin bai rabu ba. Ya kama hannun Auta ya daɗe yana duban yatsun. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na ce a raina mun ci.

“Da ina shakka,” in ji shi. “Ina tsoron in kai shi ya zama ɗan bara. Amma mai wannan hannun zai iya tufka. Kara ba ya ciyar da kowa, ɗana. Igiya tana ciyarwa. Ranar da ba ni, ba uwarku, kai kuma kana da naka iyalin, me zai ci?”

Na yi ta magana, ban san ma me nake faɗa ba. Ashe duk kwanakin nan hujja nake ƙera wa Baffa da hannuna.

Da sassafe muka kama hanya. Inna ta ɗaure masa 'yan kayansa da ƙullin daddawa, ta raka mu zaure, daga nan ƙafarta ta ƙi. Baffa yana gaba, ni ina riƙe da kan sanda, Auta yana riƙe da ƙarshenta, ɗaya hannun ya rungume kan jirginsa. In ya gaji in goya shi. Da muka kusa Sabon Gari, inda hanya ta haye dogo, sai muka tarar an tare, mai tuta ya tsayar da jakuna da masu kekuna. Ƙarfen ya fara wani irin zuzu tun kafin a ga komai. Na ja Auta har gaba, kusa fiye da yadda ni kaina na taɓa yarda in tsaya a gefen jirgi mai gudu, Baffa bai hana ba. Ƙasa ta soma rawa a ƙarƙashin sawunmu. Na sunkuya na fara yi masa bayani da ƙarfi, ga shi nan, baƙi ne, ga ƙafafun. Sai ya matse mini hannu.

“Yi shiru, Yaya. Ina kallo.”

Na yi shiru. Jirgin ya iso ya yi kuka a kanmu, zafinsa ya doke mu a fuska, tururi ya lulluɓe mu, garin gawayi ya zubo mana a ka. Taragu suka yi ta wucewa kamar ba za su ƙare ba. Auta bai ja da baya ba ko taki ɗaya, bakinsa a buɗe, fuskar nan mai ramuka ta jiƙe da tururi. Sai da ƙarar ta mutu can nesa, aka buɗe hanya, mutane suna ture mu, sannan ya saki ajiyar zuciya.

“Yaya,” ya ce, “ashe ƙaryarka ba ta kai shi ba.”

Tsohon da muka kai shi wurinsa yana zaune a zaure cikin tarin rama, ƙafa a miƙe, igiya tana fita daga tafinsa kamar ba shi ke yi ba. Bai tambayi sunan yaron ba, hannunsa ya nema. Ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan sababbin yankan, ya ce wa ya fara koya masa aiki. Auta ya ce yayansa. Tsohon ya ce to a bar shi nan. Na ajiye sandar a gefen Auta na fita da sauri don kada ya ji yadda numfashina ya koma, ko da yake na san ya ji.

Baffa bai yi kuskure ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Auta ya zama gwanin tufka, masu shanu da masu rijiya har daga Shika suke zuwa neman igiyarsa, ya yi aure, ya ciyar da 'ya'yansa da hannunsa. Amma bai sake kwana a gidanmu a matsayin ɗan gida ba, sai dai baƙo da Salla. Inna ta rayu ta tsufa, ba ta sake taɓa lemon tsami ba. Jirgin karan kuwa gara ta cinye shi tun daminar farko, bututun gwangwanin kaɗai ya rage, yana cikin aljihunsa har shekarar da muka kai shi makwancinsa. Yanzu igiyar ma ta roba ce, agana an ce ta ƙare a duniya, jirgin ya daina zuwa.

Na dai yi wa jikana abin da na yi alkawari, da 'yan guntayen mai ƙosai. Mota na yi niyya, hannuna ya tafi wani wuri. Yaron ya tsaya yana kallona ina aiki ido a rufe, ya ce ko barci nake ji. Da na miƙa masa ya jujjuya shi, ya ce ai shi ya ga jirgi a waya, ba haka yake ba, wannan abin da ke goshinsa mene ne. Na ce ƙaho ne. Ya ce jirgi ba shi da ƙaho.

Na ce na wancan zamanin suna da shi. Na san wanda ya gani.